Ramuka a Gindin Tsamiya

Mata masu zuwa itace ne suka tsinci gawar baƙon a bakin rafi, bayan garin Pauwa, an rotsa masa ƙeya. Kafin Sufeto Sanusi ya iso daga Ƙanƙara, 'yan sa-kai sun riga sun yanke hukuncinsu. Sun ɗaure Kamilu, ɗan acaɓan da ke yawo da baƙon, tamau, wai shi ne infoman da ya sayar da baƙo ga 'yan daji. Da Sufeto ya ƙara jinkiri kaɗan, da gawa biyu zai tarar.

Mamacin sunansa Uwais, Bahaushen Sudan ne mazaunin Ƙatar. Kakansa ya bar Pauwa a ƙafa zuwa Makka bai dawo ba, a Sudan ya zauna har ya rasu, shi kuma ya zo ganin asali, ya sauka wurin Baba Hadi, ɗan ƙanen kakan nasa.

Sufeto ya laluba gawar. Ga waya, ga agogo, ga takalmi. Nan take ya cire 'yan daji daga zargi, don ya san halin tsinannun. Baƙo daga ƙasar waje jari ne a wurinsu, ba su kashe shi, balle su bar masa takalmi.

Ya sa aka kwance Kamilu. "Me ya ɓace a jikin mamacin?"

"Na'urar nan tashi mai ruwan ɗorawa, yallaɓai. Jifiyes yake ce mata."

"Ta mece ce?"

"Wasa ne hwa. Ka ɓoye ɗan gwangwani, ka sa lambar wurin a intanet, wani matafiyi ya bi kibiyar na'ura ya gano shi, ya ɗauki abu guda ya aje wani. Ya ce duk ƙasar da ya tahi sai ya yi. Na kai shi Faskari da Sabuwa ya aje. Na ƙarshe ya kai tsamiyar kufan kakanshi, cikin gonar Baba Hadi."

"Ina kake jiya da la'asar, lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe?"

"Wurin bakanike a Ƙanƙara. Sai bayan magariba aka haɗa mashin ɗina."

Waya ɗaya Sufeto ya buga, bakanike ya tabbatar. Haushi ya kama shi. An kusa yanka bawan Allah, cikin taron nan kaf babu wanda ya yi tunanin wannan 'yar tambayar.

Baba Hadi na zaune a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, carbi a hannu, ido jawur.

"Baba, yaushe rabonka da gonar kufai?"

"Tun shekaranjiya, yallaɓai. Yaron nan Kamilu ku riƙe shi da kyau. Shi ɗai ya san zirga-zirgar marigayi."

"To taso ka raka ni."

Dawa ta kai gwiwa, ta yi shar. A kewayen tsamiyar kuwa an haƙa ramuka da dama, an mayar da ƙasa, ga danshinta nan ko bushewa bai yi ba. Sufeto ɗan manomi ne kafin ya zama ɗan sanda. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Ka gani ko? Wani ɓarawo ya zo ya yi mani ɓarna," in ji Baba Hadi.

"Ina ɓarnar, Baba? Dubi nan. Mai haƙar ya kauce wa kowace shuka. Wadda ta zame masa dole ya cire ta da saiwarta, da ya gama ya mayar da ita gurbinta, ya ja mata ƙasa, har kunyar ya gyara. Wanda ya kashe mutum, yana sauri a gonar wani, ina ruwansa da dawa? Mai ita kaɗai ke jin tausayinta."

Carbin ya suɓuce daga hannun tsohon.

"Ka ji tausayin dawa, ba ka ji na ɗanka ba. Ina na'urar?"

"Tana cikin rumbu," ya ce da kyar. Sai kuma bakinsa ya buɗe. "Yallaɓai, wa zai baro ƙasar Larabawa ya zo wanga daji don wasa? Irin ta masu neman zinare ce, na gan su da ita. Tun muna yara ake cewa kakanshi ya binne dukiya kafin ya tahi. Na ce ya hwaɗa mani gaskiya mu raba, ya yi ta dariya, wai wasa ne. Ni zai maida yaro? Fartanya na hannuna... Da duhu ya yi na kai shi bakin rafi."

Sufeto ya juya wajen bishiyar. Ya miƙa hannu cikin kogon tsamiyar, daidai saman inda tsohon ya sha haƙa, ya zaro ɗan gwangwani. Ya zazzage shi a tafin hannu: maɓalli ɗaya, 'yar motar roba, da ɗan ƙullin leda na ƙasar kabarin kakan, wadda Kamilu ya ce Uwais ya ɗebo daga Sudan don ta dawo gida. A shekarunsa na aiki bai taɓa jin ɗacin rai irin na ranar ba.

Yana ɗaura masa ankwa, Baba Hadi ya leƙa gwangwanin, ya sassauta murya.

"Yallaɓai, tsakaninka da Allah, babu zinaren?"