Shiru a Rumfar Mai Ludayi

Akwai wani titi a birnin nan da ba a sayar da komai sai abinci. An ce ƙamshinsa kaɗai ya taɓa sa wani ramamme ya yi tumbi. Ni dai ban gani ba, amma na san ƙanen matarsa.

Wata yarinya 'yar aji huɗu, ana ce mata Auta, ta daɗe tana son zuwa can. Ran Asabar kawunta ya zo baƙunta, ya ce zai kai ta cin abincin rana.

Mama ta riƙo hannunta a bakin ƙofa. "Auta, kin san gyaɗa ba ta yi miki. Duk rumfar da kuka tsaya, ki faɗa kafin a zuba."

"To, Mama."

Kawu yana waje yana waya, bai ji ba.

Rana ta take, zufa har cikin takalmi. Suka bi layi a rumfar wata mata da ake kira Mai Ludayi. Ita ba a zaɓe a wajenta. Ka miƙa kwano, ta zuba, ka matsa. Idan ta yi tsawa, har murfin tukunya rawa yake yi.

"Yarinya, miƙo kwano! Kallona kika zo yi?"

Auta ta buɗe baki za ta yi tambaya. Sai ta ga idon matar, ta ga mutane a bayanta suna tsaki. Ta haɗiye maganar, ta karɓi shinkafa da miya.

Cokali na farko, daɗi. Na uku, harshenta ya fara ƙaiƙayi. Na biyar, leɓenta ya yi nauyi kamar ba nata ba.

"Kawu," ta ce. Muryarta ta fito siririya.

Kawu ya ɗago kai, cokali ya suɓuce masa. "Innalillahi! Auta, me ya sami fuskarki?"

Ta so ta amsa, numfashi ya ƙi. Kamar an ɗaure mata wuya da igiya. Idanunta suka kumbura, har ba ta ganin Kawu sosai. Sai hayaƙi, sai ƙafafun mutane, sai ƙarar mai a kasko.

"Gya... ɗa," ta ce da ƙyar.

Mai Ludayi ta ji. Ta yi jifa da ludayin, ta sunkuce yarinyar, ta faɗa tsakiyar titi.

"Kai mai tasi, tsaya ko in tsayar da kai!"

Motoci bakwai suka tsaya lokaci ɗaya.

A asibiti aka yi wa Auta allura. Kawu yana ta kai da komo, hularsa a hannu. Can numfashi ya dawo, a hankali a hankali.

Likita ya ce, "Da kun ƙara minti goma, da maganar ta zama wata."

Mama ta iso da takalmi wari da wari. Ta rungume ta. "Me ya hana ki faɗa?"

Auta ta nuna Mai Ludayi. "Tsoron tsawarta na ji."

Mai Ludayi ta riƙe haɓa. "Ni? 'Yar nan, bakina ne kawai babba! Da kin faɗa, ai akwai miyar da ba gyaɗa a ƙaramar tukunya."

Auta ta yi dariya da kumburarren leɓe, kowa ya taya ta.

Yara, idan wani abinci yana cutar da ku, ku faɗa da ƙarfi kafin a zuba. Tsawa wucewa take yi, amma numfashi ba ya jira.