Safa a Hannun Auta

Akwai wata yarinya da ake kira Aku a gidansu. Ba muryar da ba ta iya kwaikwayo. Ta iya tarin Kaka. Ta iya hamman Baba. Har kukan ƙofar banɗaki ta iya.

Aku tana da ƙane, Auta, ɗan ajin ƙananan yara. Auta ba shi da surutu, amma gwanin zane ne. In ya zana kyanwa, kamar ta yi tsalle ta bar takardar.

Wata rana Mama ta ce, "Aku, zauna ki koya wa ƙanenki rubutu."

Aku ta gyara murya irin ta shugaban makaranta. Ta turo ciki gaba.

"Kai yaro! Ɗauki fensir!"

Auta ya yi dariya, ya ɗauka da hannun hagu.

"A'a! Wa ka taɓa gani yana rubutu da wannan hannun? Mayar dama!"

Auta ya mayar. Can sai ga fensir ya koma hagu. Ta hana, ya sake komawa. Aku ta ɗauko safar makarantarta, ta cusa masa a hannun hagu.

"Wannan hannun ya tafi barci. Kada ka tashe shi."

Kullum haka ake yi, Mama tana kicin ba ta sani ba. Auta ya yi ta fama da hannun dama. Rubutun ya karkace, yatsunsa suka gaji. Aku kuwa sai ta kwaikwayi yadda yake zaro harshe yana nishi.

Sai Auta ya daina zane. Da safe kuma ya fara cewa, "Mama, cikina yana ciwo. Ba zan je makaranta ba."

Ran nan ana hutun tara, Malamar su Auta ta aika a kira Aku. Ta nuna mata bangon aji. Kowane yaro da zanensa a manne. Wuri ɗaya ne babu komai.

"Wurin ƙanenki ke nan," in ji Malama. "Yanzu a kan hannunsa yake zama. Zauna ki gani."

Malama ta mirgino wa Auta ƙwallo. Caraf, ya cafe da hagu. Ta ajiye murfin kwalba a tsakiyar tebur. Ya ɗauka da hagu. Ta ce ya goge allo, ya goge da hagu. Sai ta miƙa masa alli. Auta ya kalli yayarsa, ya ɓoye hannun a bayansa.

"Me ya sami hannun, ɗana?"

"Yaya Aku ta ce barci yake yi."

Aku ta sunkuyar da kai.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Na daɗe ina lura da shi. Wasu ƙanana sukan yi da wannan hannu yau, gobe da wancan, kafin su tsaya a kan ɗaya. Shi ya riga ya tsaya. Bahago ne. Ba cuta ba ce, ba kuma taurin kai ba. Ungo alli, zana mini kyanwa da hannunki na hagu."

Aku ta zana. Allin ya karye.

Wani yaro ya ce, "Malama, dankali ne mai gashin baki!"

Aji ya fashe da dariya. Aku ta ji kunya har wuya. Ashe haka dariya take da ciwo!

Ta durƙusa gaban Auta. Ba muryar shugaba, ba ta Kaka. Da muryarta ta ce, "Yi haƙuri, ƙanena. Tashi hannun nan daga barci."

Auta ya karɓi allin da hagu. Shar, shar, shar! Ga kunnuwa, ga wutsiya, ga kyanwa tana miƙa. Yara suka ɗauki tafi.

"Kai!" in ji Aku. "Wannan kam ya fi ƙarfin kwaikwayona."

Malama ta mayar da Auta gefen hagu na benci, don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Kafin a tashi, ya sake zana kyanwar a takarda, zanensa ya hau bango.

A gida Aku ta faɗa wa Mama komai, ta ba da haƙuri. Auta ya ɗauko safar nan, ya zana mata idanu biyu. Aku ta sa a hannunta, ta motsa mata baki da muryar shugaban makaranta.

"Kai yaro! Ɗauki fensir da hannun da kake so!"

Auta ya yi dariya har da faɗuwa. Daga ranar ciwon ciki bai sake zuwa ba.

Yara, kowa da hannun da ya fi masa sauƙi. In ka ga wani ya bambanta da kai, lura da shi ka fahimce shi. Kada ka tilasta masa, kada kuma ka yi masa dariya.