Faifan Ƙafar Tebur

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ake kira 'Yar Sauri a gidansu. Ba a banza ta samu sunan ba. Da gudu take cin abinci. Da gudu take wanke-wanke. Idan aka aike ta, kafin a gama faɗin saƙon ta kai bakin ƙofa.

Kakarta, mahaifiyar Baba, tana zaune tare da su. Ciwon gwiwa ya hana ta fitowa falo sosai. A ƙarƙashin gadonta akwai wani kwalin takalmi. A cikinsa akwai fayafan bidiyo goma sha biyu. Mijinta, marigayi Baba Tsoho, shi ya ɗauke su da kyamararsa shekaru da yawa da suka wuce. Sai dai injin kallon fayafan ya lalace tun bara.

Wata ranar Asabar Baba ya dawo da kwamfutar hannu sabuwa. Ya miƙa wa Kaka.

Kaka ta juya ta gaba, ta juya ta baya. Ta ce, "To, ina bakinta? Ta ina ake saka faifan?"

Baba ya yi dariya. Ya ce, "Ba ta da baki, Inna. Za mu saka fayafan a babbar kwamfutata mu kwafe su. Daga nan mu tura miki cikin wannan. Kina kwance kina kallonki."

'Yar Sauri ta yi tsalle. "Baba, ni zan yi! Don Allah ni zan yi!"

Baba ya dube ta. Ya ce, "Aikin nan na mai haƙuri ne fa."

"Ai ina da haƙuri."

Ƙaninta Auta ya ƙyalƙyale da dariya har ya faɗi a kan kujera.

Baba ya zaunar da ita gaban kwamfuta ya nuna mata. A riƙe faifai ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. A saka shi a hankali. A danna nan, a danna can. Sai a jira wani koren layi ya cika. Idan ya cika, a rubuta wa bidiyon suna.

Ya ce, "Sharaɗi biyu ne. Kowane faifai ki kwafe shi daga farko har ƙarshe. Kuma kowanne ki mayar da shi cikin kwali. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ta fara aiki. Faifan farko na ranar da Baba ya gama makaranta ne. Ga Baba siriri, ga kunnuwa manya. Ita da Auta suka yi ta dariya. Na biyu tafiya ce zuwa bakin ruwa. Na uku ranar da aka kawo 'Yar Sauri gida daga asibiti, tana jaririya.

Auta ya ce, "Yaya, dubi kanki! Kamar ƙwai!"

"Jira a zo naka, za ka sha mamaki."

Matsala ɗaya ce. Koren layin nan ba ya sauri. Yana tafiya kamar wanda aka tasa daga barci. 'Yar Sauri ta yi tagumi, ta miƙe, ta zauna, ta ƙirga yatsunta. Layin bai kai rabi ba.

Ranar Lahadi da rana ta zo kan faifai na bakwai. Wannan ba a rubuta komai a jikinsa ba. Auta yana barci a kan tabarma, saboda haka ta kashe sauti. Ta buɗe bidiyon.

Ƙafar tebur ta gani. Sai gefen darduma, sai takalmi ƙafa ɗaya.

Ta ja bidiyon gaba. Ƙafar tebur. Ta ja shi tsakiya. Ƙafar tebur. Ta ja shi ƙarshe. Ita ce dai.

Ta ce, "Kai! Rabin awa ana ɗaukar ƙafar tebur? Wannan ɓata lokaci ne."

Ba ta kwafe shi ba. Ta fitar da shi ta ajiye a gefe. Nan ta tuna wani abu. Malamin aikin gona ya ce kowa ya kawo tsohon faifai da ba a amfani da shi. Tsuntsaye suna cinye latas ɗin lambun makaranta. Idan aka rataye fayafai da zare, ƙyallinsu yana korar su.

Ta jefa faifan cikin jakarta. Ba ta tambayi kowa ba.

Ranar Litinin malam ya karɓa ya yaba mata. Aka zura zare ta ramin tsakiya, aka rataye shi tare da sauran. Lambu ya yi ta walƙiya a rana. 'Yar Sauri ta ji daɗi ƙwarai.

Ranar Laraba da yamma ta gama kwafar sauran fayafan. Baba ya tura su cikin kwamfutar hannu. Duka gidan suka taru a ɗakin Kaka. Mama ta jingina mata matashi a baya. Kaka ta sa tabarau, ta koyi taɓa gilashin kwamfutar da yatsa ɗaya.

Ta ce, "Ikon Allah! Ƙawata, kin yi aiki. Allah ya yi miki albarka." Ƙawata take kiran jikarta.

Ta kalli wannan, ta kalli wancan. Ta ja sama, ta ja ƙasa. Can sai ta ɗago.

"Ƙawata, ban ga na ƙafar tebur ba."

'Yar Sauri ta dubi kakarta. Ta ce, "Wanne, Kaka?"

"Wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba. Ai shi na fi so." Kaka ta yi murmushi. "Kakanku idan yana ɗaukar hoto ko tari ba ya yi. Wai kada ya ɓata aiki. Shi ya sa ba ya fitowa, ba a jin muryarsa. To, ran nan ya ajiye kyamara a ƙasa, ya manta bai kashe ba. Muka zauna muna shan shayi muna hira. Duk ta ɗauka. A duniyar nan, nan kaɗai muryarsa ta rage mini."

'Yar Sauri ta ce a hankali, "Zan duba, Kaka." Ta fita.

Da aka zo cin abinci ta sa cokali tana juyawa. Kowa ya gama, ita ko rabi ba ta yi ba.

Mama ta ce, "Yau kuma lafiya? Har Auta ya riga ki?"

Sai hawaye. Ta faɗi komai. Ta faɗi yadda ta kashe sauti, da yadda ta ja bidiyon gaba, da inda faifan yake yanzu.

Auta ya zaro ido. "Kin rataye muryar Baba Tsoho a lambu?"

Mama ta ce, "Kai, rufe mana baki."

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Sharaɗi nawa na ba ki?"

"Biyu."

"Nawa kika karya?"

"Duka biyun."

"To. Gobe da safe za ki je wurin malaminku da kanki. Amma kafin nan akwai wadda za ki fara faɗa wa."

'Yar Sauri ta koma ɗakin Kaka. Ta durƙusa a bakin gado ta faɗi gaskiya. Kaka ta saurara har ƙarshe. Ta cire tabarau ta goge.

Ta ce, "Na ji zafi, ƙawata, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ji daɗi da kika faɗa. Je ki nemo mini shi."

Washegari ta riga kowa zuwa makaranta. Ta tarar da malamin aikin gona yana ba shuka ruwa. Ta gaishe shi, ta yi masa bayani.

Malam ya ajiye bokiti. Ya ce, "Na ce ku kawo wanda ba a amfani da shi. Wa ya ce miki ba a amfani da wannan?"

"Ba kowa, Malam. Ni na yanke."

"To, ga su can. Arba'in da uku ne. Wanne ne naki?"

Ta duba. Duk iri ɗaya suke, suna juyi a iska. Ba ta ma tuna layin da aka rataye nata ba.

Da aka tashi tara, 'yan ajinsu suka zo taya ta. Suka kwance fayafan ɗaya bayan ɗaya. Masu rubutu a jiki aka mayar. Marasa rubutu aka ware, suka zama biyar. Rana ta dake su kwana uku, ƙura ta hau su. Ɗaya ma tsuntsu ya yi masa kashi.

Wata ƙawarta ta toshe hanci ta ce, "Wannan tsuntsun dai bai ji tsoro ba."

Malam ya ce, "Ki tafi da biyar ɗin ki gwada. Amma kin rage wa lambu masu gadi. Sati ɗaya ke za ki riƙa korar tsuntsaye lokacin tara."

"Na yarda, Malam."

A gida Mama ta ba ta ƙyalle mai laushi. Ta goge kowanne daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda Baba ya nuna mata. Wannan karon ta ƙara sauti.

Faifan farko wani mutum ne mai ƙaton tumbi yana koyar da motsa jiki. Auta ya miƙe yana kwaikwayonsa. Na biyu babu komai a ciki. Na uku lissafi ne na 'yan aji shida.

Ta saka na huɗu. Kwamfuta ta yi ƙara, ta yi shiru, ta sake ƙara. Sai ga ƙafar tebur!

"Baba! Baba, ga shi!"

Amma da ta fara kwafa, koren layin ya je tsakiya ya tsaya cak. Ta sake gwadawa, ya sake tsayawa. Baba ya ɗaga faifan a haske. Akwai dogon layi inda wani abu ya karce fuskarsa.

Suka tafi shagon mai gyaran kwamfuta da ke bayan kasuwa. Shagon ƙarami ne, cike da wayoyi da tsofaffin allunan kwamfuta. Mai gyaran ya sa gilashi a ido ɗaya ya duba.

Ya ce, "Wa ya yi dambe da wannan?"

'Yar Sauri ta sunkuyar da kai. "A lambu ya kwana."

"A lambu! To, yau na ji sabo." Ya shafa masa wani farin mai, ya sa shi a ƙaramin inji mai juyawa. "Zauna, 'yammata. Wannan ba a yi masa gaggawa."

Ta zauna a kan benci. Awa ɗaya cur ba ta motsa ba. Daga ƙarshe mai gyaran ya ce, "An samu. Amma wajen minti biyu a tsakiya sun tafi. Ba yadda zan yi da su."

Da suka dawo gida, ita ta kai wa Kaka kwamfutar hannun. Ta ce, "Kaka, ga shi. Amma minti biyu sun ɓata. Laifina ne. Ki yafe mini."

Kaka ta jawo ta kan gado, su Baba kuma suka shigo suka zauna. Ta taɓa gilashin da yatsa.

Ƙafar tebur ta fito. Aka ji ƙarar cokali a kofi. Sai wata murya mai kauri ta ce, "Wannan shayin, sukari kika sa ko kuwa kallonsa kawai kika yi?"

Muryar Kaka ta amsa a cikin bidiyon, "Likita ya hana ka."

"Likita ba ya nan."

"Ni ina nan."

Aka ji dariyar mutum biyu. Baba ya juya ya kalli taga yana goge ido. 'Yar Sauri ba ta taɓa jin muryar kakanta ba sai yau. Ashe irin dariyar Auta gare shi.

Hira ta ci gaba. Can sautin ya yanke, hoton ya tsaya. An zo wurin da ya ɓata. Yarinyar ta runtse ido.

Sai Kaka ta gyara murya, ta yi ta da kauri. Ta ce, "A nan ne ya ce, 'Kin san me ya sa nake shan shayinki ko ba sukari?' Na ce, 'A'a.' Ya ce, 'Don idan na ƙi, za ki tashi ki tafi kicin. Ni kuwa zaman nake so.'"

Mama ta rufe baki tana murmushi. Auta ya ce, "Kaka, ke me kika ce?"

"Na ce masa ya sha kafin ya huce, mana!"

Duka ɗakin aka fashe da dariya. Ana cikin haka sautin ya dawo, Baba Tsoho ma yana dariya, kamar da shi ake yi.

'Yar Sauri ta ce, "Kaka, kin haddace duka?"

"Kowace kalma."

"To, ki sake faɗa. Zan ɗauka a kwamfutar nan, mu ajiye tare da nasa."

Kaka ta gyara ɗankwalinta. Ta ce, "Bari dai in zauna da kyau. Kada ki ɗauki ƙafar gado."

Tun daga ranar yarinyar ta koyi darasi. Abin da ba naka ba, kada ka yanke cewa ba shi da amfani. Ka duba da kyau, ka saurara har ƙarshe, sannan ka tambayi mai shi. Abin da ka raina, wataƙila shi ne mafi daraja a wurin wani.