Harafin Da Ba A Sa Wa Iyaka Ba

Ana gab da kiran sallar magariba a unguwar Ɗan Iya, Khairat 'yar Alhaji Sabitu tana zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinyarta. Aikin makaranta take yi: ta umarci na'ura ta maimaita harafi guda har ya zama dogon layi. Ta zaɓi harafin ha. Sai dai ta manta ba ta faɗa wa na'urar sau nawa ba. Ta bar ta tana rubutu, ta tashi alwala.

Dutsen farko na jifa ya faɗo a kan kwanon rufin gidan kafin liman ya yi sallama. Aka leƙa, babu kowa. Da aka koma, sai aka tarar da Khairat a durƙushe, bakinta na fitar da "hhhh" ba ta tsayawa ko don numfashi. Aka kashe na'urar, sautin bai mutu ba. Kwanaki suka shuɗe, yarinya na ramewa, abinci ba ya samun hanyar wucewa.

Alhaji ya ɗauko Malam Salihu daga Ƙofar Dumi, tare da Lilian, ƙawar karatun Khairat, wadda ta bayyana kuskuren. Malam ya dubi yarinyar. "Ko wuridi ba a yin sa sai da adadi," in ji shi.

Ya karanta Ayatul Kursiyyu, ya tofa. Wata murya irin ta tsoho ta fito daga bakin yarinyar.

"Ni ne hadimin wannan harafi. Ita ta kira ni, ba ta ce in tsaya ba."

"Me zai fitar da kai?"

"A ba ni adadi. In na cika shi, in tafi. Yawan yashin ƙasar Zungur nake so."

"Kai ba ka zaɓe. Rantse za ka karɓi abin da aka rubuta."

Hadimin ya rantse da Wanda ya halicce shi daga wuta. Malam ya juya ga Lilian. "'Yata, in aka ce na'ura ta maimaita harafi sau sifili fa?"

"Baba, ba ta rubuta komai."

"To, rubuta sifili."

Muryar ta yi ƙara. "Sifili ba adadi ba ne!"

"Malaman hisabi sun lissafa shi. Kuma ka riga ka rantse."

"Na tafi. Amma abin da aka shafe, ya shafu."

Khairat ta faɗi. Gida ya yi tsit, har ana jin kukan tsuntsaye a kan darbejiya. Can ta buɗe ido, ta nemi ruwa, ta sha.

"Gode wa Ubangijinki, 'yata," in ji Alhaji, hawaye na zuba.

Ta buɗe baki a hankali. "Al'amdu lilla'i."

Ta sake gwadawa, harafin ha bai fito ba. Malam Salihu ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba.