Gadar da Aka Zana Daga Sama

Kafin Nadir Aman ya cika mako a Warzun, kowa yana da abin faɗa a kansa. Direban da ya kawo shi daga Chitral ya ce sa'a bakwai suka yi a hanya, bai ɗaga kai daga kwamfutarsa ba sai da taya ta fashe. Mai shagon shayi ya ce yaron kirki ne, illa dai sukari yake zubawa a shayi maimakon gishiri. Mata kuwa suka ce injiniyan nan ba ya kallon ƙasa, sama yake kallo, inda ɗan jirginsa mai ɗaukar hoto yake shawagi.

Ofis ne ya turo shi ya zana gadar da za ta rataya da wayoyin ƙarfe a kan kogin Yarkhun, don yaran ƙetare su daina zagayen sa'a biyu zuwa makaranta. An ce idan gadar ta tsaya, za a ɗaga shi zuwa babban mai zane a Islamabad.

Wata rana iska ta kwashe jirgin ta jefa shi a rufin wani gida, tsakiyar ulun da aka shanya. Wata budurwa ta sauko da shi, fiffike ɗaya a karye.

"Naka ne wannan?"

"Nawa ne. Don Allah riƙe shi a hankali, ba abin wasa ba ne."

"Na sani. Na tuƙa irinsa a jami'a a Peshawar. Ni dai ban taɓa saukar da shi a kan ulun mutane ba."

Sai a lokacin ya dube ta.

Sunanta Gulsambar, ita ma injiniya, ta gama karatu tana zaman jiran aiki. Nadir ya roƙi ofis aka ɗauke ta ta taya shi awo. Daga awo aka koma saƙon waya.

"Sambar, na rufe zanen yau, amma fuskarki ta ƙi rufuwa."

"Mai jirgi, je ka ci abinci. Kuma ka sake duba awon jiya, ka cinye santimita goma."

"Idan na gyara za ki aure ni?"

"Gyara tukuna."

Mahaifinta shi ne Ustad Purdum. Shekara talatin da takwas ya yi yana zanen gadoji da fensir da takarda, kuma gadoji goma sha huɗu na kwarin nan hannunsa ne. Da kwamfuta ta shigo ofis, aka ba shi agogon bango da takardar godiya aka sallame shi. Ya zuba takardunsa a akwatin ƙarfe, bai ƙara maganarsu ba.

Ran nan a shagon shayi wani ya tambayi Nadir ko zai leƙa tsofaffin zane-zanen Ustad. Ya yi dariya.

"Abin da suke wata uku suna yi, na'ura tana gamawa kafin shayin nan ya huce. Takardun da sai dai a hura wuta da su."

Bai san dattijon da ke kusurwa da hular ulu shi ne mai takardun ba. Ustad ya shanye shayinsa, ya fita.

Shi ya sa da kawunnan Nadir suka zo neman aure, ya yanka musu akuya, ya ciyar da su, sannan ya ce, "Ba zan tilasta mata kowa ba. Amma mai hura wuta da takarda ba da bakina zai ɗauke ta ba. Ga Zafar nan, ɗan ƙanena, ya daɗe yana jira."

Zafar shi ne ke riƙe da leburorin da ke haƙa ramin gadar.

Tsoro ya shiga Gulsambar ne da zafin Yuli. A ƙetaren kogi Nadir ya zaɓi wani fili shimfiɗaɗɗe, kore shar, wanda a hoton sama babu kamarsa. Nan za a zuba ƙaton kankaren da zai riƙe wayoyin gadar. Aka haƙa mita uku ba a taɓa dutse ba, sai baƙar laka da ruwa mai sanyi yana tsatstsafowa. Ta tsaya bakin ramin ta duba gabas da yamma. Babu gida a filin, babu kabari, babu itace ɗaya da ya girmi mahaifiyarta.

Ta ja wani tsohon lebura gefe, Sher Wali.

"Kawu, me ya sa ba wanda ya taɓa gini a nan?"

Ya kawar da kai. "Filin nan dutse ne ya amayo shi, 'yata, shekarar da aka haifi babarki. Rafin can na baya ya kawo shi a yini ɗaya. Ƙanƙarar da ta turo shi tana nan sama, ba inda ta je."

"Kuma kuka yi shiru?"

"Baƙo ne. Yaya za mu ce wa baƙo ya yi kuskure? Ga shi mai ilimi. Mun ɗauka na'urarsa ta gani."

A wurinmu haka abin yake. Ba a gyara wa baƙo magana a gaban mutane, a bayan mutane ma da ƙyar.

Ta samu mahaifinta yana ɗaure reshen inabi.

"Baba, ka san filin can."

"Ai na'ura ta san komai. Je ki tambaye ta."

"Baba, mutum goma sha huɗu ne ke aiki a ramin."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar, sannan ya ci gaba da ɗauri.

Kafin ta isa wurin Nadir, Zafar ya riga ta. Ya gaya masa Ustad zai turo 'yarsa ta ce wurin bai yi ba, don ya koma birni a kunyace. Da ta gama magana, Nadir ya juyo mata kwamfutar.

"Awon kogin nan na shekara ashirin na saka. Ko ya ninka, ba zai kai filin ba."

"Ba kogin nake tsoro ba. Rafin baya nake tsoro, shi kuwa ba wanda ya taɓa auna shi."

"Babanki ne ya aiko ki?"

Ta dube shi, ta ɗauki mayafinta, ta shiga kwandon da ke rataye a waya, wanda ma'aikata ke haye kogin da shi, ta koma gida.

Ta tura masa saƙo: "Ka ji haushina idan ka ga dama, amma ka fitar da mutane daga ramin nan kafin azahar. Da rana ƙanƙara take narkewa."

Babu amsa.

Washegari ta sake turawa: "Nadir, ina jin duwatsu suna birgima a rafin. Ban iya cin abinci ba."

Ya karanta, bai amsa ba.

Kwana uku tana zaune bakin kogi tana ƙirga kawunan mutane a ƙetare. A na huɗu, bayan azahar, rafin da kullum yake ruri ya yi tsit. Duk wanda aka haifa a kwarin nan ya san rafi ba ya shiru sai wani abu ya toshe shi a sama.

Ta kira shi a waya. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Sambar, ni ma ina so mu yi magana, na yi ta..."

"Rafin ya tsaya! Ku hau tudu, yanzu!"

"Bari in kwashe na'urar awo..."

"Idan kana sona ka bar ta. Gudu, Nadir!"

Daga nan ƙetare ta ga mutane kamar tururuwa suna fitowa daga rami. Ta ƙirga goma sha biyu suna hawan tudu, Zafar a gaba. Na goma sha uku, Nadir da farar rigarsa, ya kai rabi sannan ya juya ya koma ramin. Sher Wali ne ya rage a ciki, yana da ciwon gwiwa.

Sai ƙarar ta zo. Ba ta yi kama da ruwa ba, kamar ana jan duwatsu a ƙarƙashin ƙafa. Laka mai tsayin gida biyu ta ɓullo daga kwazazzabo ɗauke da itatuwa a tsaye. Ƙura ta rufe ƙetaren gaba ɗaya. Da ta lafa, babu fili, babu rami, babu wayar kwando.

Gulsambar ba ta yi ihu ba. A gefenta ta ga mahaifinta, ba takalmi, ba hula, yana kiran sunayen leburorin ɗaya bayan ɗaya. Da ya ƙare su, ya kira na Nadir. Ya sake kira.

Waya ta ƙi shiga. Mata suka taru a bakin kogi, kowace da sunan da take kira. Aka yi la'asar ba wanda ya san ko gawa nawa za a nema. Rana ta kusa taɓa dutse sannan wayarta ta yi ƙara.

"Muna raye, mu duka. Kawu Sher Wali yana zagina wai na saɓa shi kamar buhun alkama a gaban yara. Sambar, ke ce da gaskiya. Kada ki yi kuka, na yi namu mu biyu."

Da hannunsa Nadir ya rubuta wa ofis cewa kuskuren nasa ne. Aka ba wani kujerar Islamabad, shi aka bar shi ya sake zanen. Zafar ya tafi aiki Gilgit ba tare da ya sallami kowa ba.

Bayan mako guda Nadir ya zo gidan Ustad, ya cire takalmi, ya zauna kusa da ƙofa.

"Ustad, na faɗi maganar banza a shagon shayi. Ka yi haƙuri. Na zo ka nuna mini inda zan sa gadar."

Dattijon ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe, ya warware wata takarda da ta yi rawaya, ya danne kusurwoyinta da kofunan shayi. Taswirar Warzun ce. Wani jan layi ya zagaye filin da ya tafi.

"Da me ka auna wannan?" in ji Nadir.

"Da tsofaffin mata. Kwana tara ina bin su gida-gida ina tambayar inda laka ta taɓa kaiwa a zamaninsu. Ba sa gaya maka ran farko. Sai ka sha shayinsu sau uku."

Wata biyu suka yi a kan zanen, su uku. Nadir ya saka jan layin a kwamfuta, Gulsambar ta zaga da littafi wurin tsofaffin da suka rage, aka matsar da gadar sama inda dutse yake tsaye. Ustad yakan ce ba ruwansa da na'ura, sannan ya matso da tabarau.

"Juya mini ita in ga ƙarƙashinta. A'a, a hankali, kai! Haka kake yi da komai?"

Ranar da aka amince da zanen, saƙo ya shigo wayarta: "Sanyin idona, babanki ya zuba mini shayi da kansa yau. Har da gishiri, kuma na shanye."

"To ka turo kawunnanka kafin ya canja ra'ayi."

Bayan girbin alkama aka sa ranar. Masu ganga da algaita suka zo daga Mastuj, aka cika farfajiyar gidan har kan rufi. Liman ya gyara zama zai ɗaura aure, sai Ustad Purdum ya miƙe. Aka tsayar da kiɗa. Gulsambar tana bayan labule tare da mata, ta riƙe hannun mahaifiyarta.

Ya daɗe a tsaye yana murza hularsa.

"Na ba Nadir Aman 'yata. Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su zuriya mai jin magana fiye da iyayenta."

Aka yi dariya, aka amsa da amin. Shi bai zauna ba.

"Saura ɗaya. Waɗannan mutane kunyar baƙo ce ta rufe musu baki. Ni ba kunya ba ce. Tun ranar da aka kafa turken farko na san filin nan, takardar tana ƙarƙashin gadona. 'Yata ta zo ta tambaye ni, na kore ta. So nake yaron nan ya ji kunya kamar yadda na ji, na bar mutum goma sha huɗu a cikin rami." Ya dubi leburorin. "Sher Wali, ka yafe mini. Ku da kuka haƙa ramin, da matanku, ku yafe mini. Gulsambar, na san kina ji."

Ya juya wurin ango, wanda ya riga ya miƙe tsaye.

"Nadir, ɗana. Na cuce ka. Ka yafe mini."