Ƙunar Guga a Kujerar Baya

Ƙarfe tara na safe wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda, rungume da 'yar jakar sanyi irin wadda masu ciwon sukari ke ajiye allurarsu. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fara tayar wa Sufeto hankali. Shekararsa goma sha tara a aikin, ya saba da masu ihu, amma har yau masu shiru ne ke ba shi tsoro.

"Yallaɓai, mijina bai dawo ba tun jiya da la'asar," in ji ta. "Malamin lissafi ne. Idan ya tashi daga makaranta yakan ɗauki fasinja ta manhajar waya. Allurarsa tana nan wurina. Likita ya ce in ya kwana biyu babu ita, sai yadda hali ya yi."

"Motar tasa ce?"

"Wata uku ke nan da saye. Fara ce, 'yar ƙarama."

Ta miƙo masa wani littafi. Malam mutum ne mai bin diddigi, irin waɗanda ko ashana za su saya sai sun gwada uku. Ya rubuta motoci uku da ya duba, kowacce da shan manta, da sauƙin kayan gyaranta, da ko na'urar sanyinta na aiki. Biyu ya soke su da jan biro. A gefen kowace sokewa ya rubuta: in ji Injiniya.

"Wane ne Injiniya?"

"Bakanike ne. Direbobi ne suka haɗa su, wai yana da gaskiya. Shi ya raka Malam wurin dillali don kada a cuce shi."

"Wadda ya saya, me ya sa ta yi araha?"

"Akwai ƙuna a kujerar baya, shatin dutsen guga sak. Malam ya ce fasinja ba ƙuna yake biya ba, ya shimfiɗa ƙyalle a kai."

Sufeto ya rufe littafin. Ya tashi ya buɗe kabad, ya ciro wani fayil da ya hana shi sukuni wata huɗu. Wani mai wanki da guga ne, shi ma yana ɗan taɓa tuƙi a ƙarshen mako. An tsinci gawarsa a magudanar ruwa, motar kuwa ko ƙyallinta ba a gani ba. A shafi na uku matar mamacin ta ce za ta gane motar ko a ina, domin mijinta ya taɓa ɗora guga mai zafi a kujerar baya. Waccan motar ruwan toka ce.

"Akwai wani mukullin motar a gida?"

"Ɗaya aka ba shi. Shi ya je ya sa aka yi masa na biyu, ya ce in ɓoye, kada in gaya wa kowa." Ta kwance bakin mayafinta ta ciro shi, mai madannai biyu.

Sufeto ya jefa shi aljihu, ya ƙwala wa Kofur kira.

A hanya amsar kamfanin manhaja ta shigo. Malam ya sauke fasinjansa na ƙarshe ƙarfe huɗu, lafiya lau, sannan ya kashe manhajar da hannunsa. Ke nan ba fasinja ne ya tafi da shi ba. Da ƙafarsa ya je wurin wanda ya yarda da shi.

Dillalin motoci suka tarar a ƙarƙashin rumfa yana firfita da jarida.

"Farar motar malamin makaranta, daga ina ka samo ta?"

"Daga tashar jirgin ruwa, ranka ya daɗe. Sabuwar shigowa ce."

"Da ƙunar guga ta shigo?"

Jaridar ta daina motsi.

"Kujerar nan na san ta," in ji Sufeto a hankali. "Mai ita na farko ni na ciro shi daga kwata. In na biyun ya mutu yau, da kai za a yi shari'ar."

Dillali ya yar da jaridar. "Wallahi ni fili kawai nake bayarwa! Injiniya ne ke kawo ta da takardunta, ya ce in ajiye, zai zo da mai saye. Sai ya zo ya yi kamar bai taɓa ganinta ba, ya kushe sauran, ya yabe ta."

Garejin yana ƙarshen wani lungu, bayan masu walda. Rana tsaka, amma babu ma'aikaci ko ɗaya, kuma warin sabon fenti ya cika wurin. Motoci huɗu ne a ciki, babu fara. Injiniya ya fito yana goge hannu da tsumma, mutum mai fara'a da furfura kaɗan, irin fuskar da za ka bar wa amanar gida ka yi tafiya.

"Malam? Allah sarki, mutumin kirki. Rabona da shi tun ranar ciniki."

"Bai kawo maka gyara ba?"

"Motar da na zaɓa da kaina? Ai ba ta san gareji ba."

"Ina ma'aikatanka?"

"Na ba su hutu."

"Fentin fa, wa ke yi?"

"Ni nake ɗan taɓawa." Ya yi dariya. "Yallaɓai, duba ko'ina. In ka ga farar mota, ka tafi da ni."

Sufeto ya duba agogo. Kusan awa ashirin da ɗaya ke nan da ɓacewar Malam. In ya yi kuskuren wuri, ba lallai ne ya sami lokacin neman wani ba. Ya sa hannu a aljihu ya danna mukullin.

Can lungu, wata shuɗiyar mota da aka rufa wa tamfol rabi ta yi ƙara sau biyu, fitilunta suka ƙifta.

Tsumman ya faɗi daga hannun Injiniya. Kofur ya riga ya tsaya a bakin ƙofa.

Sufeto ya buɗe ƙofar baya, ya fizge sabuwar rigar kujera. Shatin gugar na nan, baƙi ƙirin. Ya zagaya ya buɗe but, wurin ajiye kaya na bayan motar. Babu kowa.

"Yana ina?"

"Ban san..."

"Yi shiru!"

Da wurin ya yi tsit, sai ya ji wani abu kamar ɓera na karce katako, daga ƙasa. Motar a kan ramin gyara take, an rufe ramin da alluna, tayoyinta sun danne su. Sufeto ya shiga ya ja ta baya, ya sauko ya yaye allunan har farcensa ya tsage.

Malam na kwance cikin baƙin mai, hannu da baki a ɗaure, leɓɓansa sun bushe, idanunsa a lumshe. Da ƙarfen agogonsa yake gogar bango. Sufeto ya dira ciki ya taɓa wuyansa, ya ji jijiya na bugawa sama-sama.

"Kira motar asibiti! Ka ce wa matarsa ta taho da jakar nan!"

Da ankwa ta shiga hannun Injiniya, fara'ar ta gudu, ya fara magana kamar mai bayanin gyaran inji. Masu tuƙin bayan aiki yake zaɓa, domin araha suke nema, kuma sukan yarda da duk wanda ya hana su sayen mota. Bayan wata uku sai ya kira su gyaran birki kyauta. Malam kuwa ya sume kafin ya taɓa shi, shi ya sa ya bar ciwon ya gama masa aikin.

"Sau biyu ka sayar da motar nan ke nan," in ji Sufeto.

Injiniya ya dube shi da mamaki. "Huɗu, yallaɓai. Asalinta ja ce."

Ke nan akwai wasu mata biyu a wani wuri da har yanzu suke jiran ƙarar mota a ƙofar gida.

Kofur ya tasa ƙeyar Injiniya zuwa motar 'yan sanda. Ana ɗora Malam a gadon motar asibiti matarsa ta iso da gudu, ya buɗe ido ya gane ta, sai a lokacin ta fashe da kuka. Sufeto ya miƙa mata mukullin, don ta ga abin da ya ceci mijinta. Ta ja da baya, ta ɓoye hannayenta a cikin mayafi.

"Riƙe shi, yallaɓai. Malam zai koma tafiya a ƙasa."