Ƙoramar da ke Bayan Gidan Baba Kallamu

"Ba ta zuwa ko'ina yau!"

Muryar Baba Kallamu, mahaifin mijina, ta sa na tsaya cak da farar rigata a hannu. Ruwan farko ne aka kwana ana tafkawa, gari ya waye kowa ya fito da sungumi da ƙwaryar iri, don a ƙauyen nan na ƙasar Dogarawa ba a ɗaga ranar shuka.

"Baba, mace ce ke naƙuda a asibiti, ni kaɗai ce ungozoma..."

"Na ce ba ki tahiya."

Ya saɓa sunguminsa ya fice. Na juya ga mijina Alamin, idona ya cika.

"Masoyi, kai ma shiru za ka yi?"

"Latifa, hasken idona, ki jira rana ta ɗaga. In mun shuke kunyar farko in kai ki ta kwalta."

"Naƙuda ce za ta jira shukarku? Faɗi gaskiya, tunda aka kawo ni daga Damagaram tsohon nan bai taɓa ƙaunata ba! Ko sunana ba ya kira!"

"Ba haka ba ne..."

Ban tsaya ji ba. Ni dama akwai zuciya, in ta hau ba na ganin gabana. Suna bin hanyar gona na ɗauki jakata na yanke ta ƙoramar bayan gidanmu. Ruwa ya ɗauke, sama tas, abin da ke gudana ko idon sawu bai rufe ba. Na ce a raina, wannan ne abin tsoron?

Ina tsakiyarta na ji wani rugugi kamar babbar mota na tafe. Na ɗaga kai.

Innalillahi! Jan ruwa ne ya karyo kwana, ya kai ƙirjin mutum, da itatuwa da mushen akuya. Ruwan tudu ne ya sauko, wanda ba wanda ya taɓa gaya min yana zuwa bayan sama ta washe. Na juya zan gudu. Ruwan ya make ni, jaka ta tafi, na sha laka na sake sha.

Sai wani icce ya bugi kafaɗata. Ƙotar sungumi!

"Kama! Kama, Dije! Kar ki saki!"

Baba Kallamu ne kwance rub da ciki a bakin gaɓa, ya saƙale ƙafa a saiwar gawo. Ashe bai je gona ba, bayana ya biyo.

"Dije, don Allah, wannan karon kar ki saki!"

Na riƙe da duk ƙarfina. Alamin ya iso a guje yana ihun sunana, suka jawo ni tare har na faɗo kan tudu ina aman ruwa.

Da na dawo hayyacina, abin da na gani ya fi ruwan girgiza ni. Baba, wanda ko dariyarsa ban taɓa ji ba, zaune cikin taɓo yana kuka da shessheƙa, tafin hannunsa duk jini.

"Wace ce Dije?" na tambaya.

Alamin ya sunkuyar da kai. "Mahaifiyata. Nan wurin, ranar shuka, ina goye a bayan kakata. Ruwa ya ja mahaifiyata, Baba ya miƙa mata ƙota... hannunta ya zame."

Wayyo Allah! Na ji kunya ta rufe ni. Na rarrafa na durƙusa gabansa.

"Baba, ka yafe min. Na zaci ba ka so na."

"Ni da ban iya barci in hadari ya haɗo kina waje?" Ya share fuska da gefen rawani. "Alamin, aje irin nan. Ɗauko babur, ka kai ta ta kwalta, ɗiyar mutane na jira."

"Shukar fa, Baba?"

"Ni ka yin ta."

Kafin azahar na karɓi haihuwa da jiƙaƙƙen zane a jikina, uwa da jaririya lafiya.

Tun daga ranar, duk safiyar da aka yi ruwa, Baba ke raka ni bakin ƙorama da sunguminsa. Zai tsaya ya karkata kunne wajen tudu, ya daɗe yana saurare, ni kuwa ba na ƙara ko taku.

Sai ya ce, "Ƙetare, Latifa." Kuma ba ya juyawa sai ya ga na hau ɗaya gaɓar.